Ƙwaƙwalwar Giyar Mota

Mu da muka yi wayo a ƙarshen shekarun 1980 mun san mota a matsayin abar da ake saurara. Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975, ba ta da wani sirri da take ɓoye wa bakanike. In ta yi tari ya san kabureta ce, in ta yi gurnani wajen sa giya ya san kuloci ya cinye, kuma sau da yawa tun kafin mai ita ya kashe inji a bakin gareji an riga an yanke hukunci a kan ciwonta. Ilimi ne na kunne da tafin hannu, wanda yaro kan ɗauka daga bakin maigidansa cikin shekaru, kamar yadda ɗan amshi ke ɗaukar waƙa daga bakin makaɗi. A fagenmu na nazari, irin wannan shi muke kira adabin baka.

To, sai mota ta koyi rubutu. Daga shekarar 1996 hukumomin Amurka suka wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a ƙasar ta ɗauki tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, wato wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura a karanta koke-koken motar cikin haruffa da lambobi. Waɗannan motoci su ne suka kwararo mana ta Kwatano da Legas, muka raɗa musu suna Beljiyam ko da kuwa ba su taɓa taka ƙasar Turai ba. Galibinsu masu canza giya da kansu ne, kuma a nan ne zancenmu yake. (Mai karatu ya yi mana afuwa: kalmar giya tana da ma'ana biyu a Hausa, ta mota kaɗai muke nufi.)

Abin da ke canza giyar wani ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu da yawa ba. Kanikawa kan ce masa birenbos na giya, mu kuwa mun fi son mu ce ƙwaƙwalwar giya. Aikinta shi ne ta riƙa karɓar rahoto a kan gudun inji da gudun ƙafafu da zafin man giya da nauyin ƙafar direba a kan totur, sa'annan ta aika wuta zuwa ga wasu ƙananan bawul da ke buɗe wa mai hanya ko su toshe ta. Idan rahoton ya rikice, ko ita kanta ta ɗauke, motar kan maƙale a giya guda, yawanci ta biyu ko ta uku, don kada ta lalata kanta. Turawa kan kwatanta wannan hali da ɗingishi, kuma kwatancin ya yi daidai.

Tamu motar ta fara ɗingishin ne cikin damina, a hanyarmu daga Gwagwalada zuwa cikin gari, bayan mun wuce mararrabar Giri. Ta yi wata irin zabura kamar an doke ta daga baya, fitila ta kama a gaban direba, inji yana ta kururuwa amma gudu ya ƙi ƙaruwa. In an kashe ta ta huce sai ta dawo daidai, in ta ɗauki zafi sai ta koma gidan jiya. Bakaniken farko da ya gan ta bai ko buɗe bonet ba ya ce giya ta mutu, a sauke ta a sa wata. Kuɗin da ya ambata ya haura albashin malamin jami'a na wata biyu, ga kuɗin makarantar yara yana ƙwanƙwasa ƙofa.

A ƙauyen kanikawa na Apo muka sami wani dattijo ɗan zamanin Fijo. Ya zaro sandar auna mai, ya goga a farin ƙyalle, ya duba, ya shinshina. Man ja ne garau, babu ƙauri, babu ɓurɓushin ƙarfe. Ya ce, “Malam, giyar da ta ƙone hanci ke fara gane ta. Wannan lafiyarta lau. Ciwon a kai yake, kai kuwa ba fannina ba ne.” Sai ya aika yaronsa ya kira wani saurayi mai kwamfuta.

Na'urar ta fito da lambobi biyu. P0700 ba ta cewa komai illa ƙwaƙwalwar giya ta nemi a kunna fitilar gargaɗi. U0101 kuma na nufin ƙwaƙwalwar inji ta kira ta giya ba ta amsa ba. A nan ne saurayin ya burge mu, domin bai ɗauki matani a matsayin hukunci ba, abin da kullum muke fama da ɗalibanmu a kansa a ajin tarke. Shiru ba lalle mutuwa ba ce. Mai yiwuwa hanyar saƙo ce ta yanke. Saboda haka ya auna batir, tunda raunin wuta kan sa waɗannan na'urori su yi sambatu. Ya duba fis da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota. Ya cire kan batir ya auna wayoyin sadarwa guda biyu ta rami na 6 da na 14 a soket ɗin, awon ya ba shi 60, wanda shi ne alamar layin lafiya yake. Sai da duk waɗannan suka kuɓuta daga zargi sa'annan ya kwance akwatin. Ƙusoshin da ke bakinsa sun yi kore shar da tsatsa, cikinsa kuma ga shatin ruwa a kan allon. Ko daga wankin inji ruwan ya shiga, ko daga kwatamin da muke kutsawa in sama ta zubo, ko ma tun daga ƙasar da aka sayo motar, domin an san motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, kamar ta guguwar Katirina a 2005 da ta Habi a 2017, kan sake ɓulla a kasuwar gwanjo.

Samun madadi ya ci kwana uku. Ba kowane akwati mai kama da shi ne zai yi ba, dole lambar da ke jikinsa ta dace da tamu harafi da harafi. Sabo dal ya fi ƙarfin aljihunmu, don haka muka sayi na hannu bisa sharaɗin a mayar in ya ƙi. Ɗaurawa ba ta wuce rabin sa'a ba, amma sai da aka shigar masa da lambar shasin motar, aka goge ɗabi'un da ya koya a jikin tsohuwar uwar ɗakinsa, sa'annan aka zaga da ita ta Gudu zuwa Garki a dawo, ana takawa a hankali don ya koyi lokutan canji. Kwanakin farko tana ɗan fizga tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, daga baya ta laɓe. Duk abin da muka kashe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sauke giya ba.

Dattijon bai karɓi ko kwabo ba, ya ce shinshina mai ba aiki ba ne. Mataccen akwatin kuwa wani yaro ya taya shi nan take. Da muka tambayi abin da zai yi da shi, sai ya ce akwai mai wanke su da fetur ya yi musu ɗorin dalma, kafin mako ya zagayo yana kan kanta a cikin leda, da sunan Beljiyam.