Daga Tambuwal zuwa Kebbe a kan keke, ba ta kwalta ba

Idan Allah ya kai mu bayan kaka, ni da wasu abokaina mun ƙudiri aniyar yin tafiyar 'yan kwanaki a kan keke tsakanin Tambuwal da Kebbe. Ba kasuwa za mu ci ba, ba kuma gasa ba ce. So muke mu ratsa ƙasarmu sannu a hankali, mu kwana inda dare ya yi mana, mu ga garuruwan da muka saba jin sunayensu a bakin direbobin tasha kawai. Sharaɗinmu guda ne, ba za mu hau kwalta ba sai inda ya zama dole mu tsallaka ta.

Duk wanda ya san babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega ya san dalili. Tirela da tankar mai da manyan motocin albasa ba su san da zaman mai keke ba. Iskarsu kaɗai tana iya jefa mutum gefen hanya, kuma ba kowane wuri ke da gefen da za a kauce ba. Maɗoran Aliero sun yi suna a aikinsu, amma ba na fatan ɗayanmu ya kai musu ziyara ta wannan fuska.

A ƙasashen Turai kuɗi ake kashewa don samar da hanyar da mota ba ta bi. A Ingila, 'yan sa-kai ne suka fara mayar da tsohon layin dogo tsakanin Bristol da Bath hanyar keke da ta ƙafa a 1979. Sifaniya ta soma irin wannan shiri a 1993, yanzu tana da sama da kilomita 3,000 na tsofaffin layukan jirgin ƙasa da aka gyara domin masu keke. Iyali kan ɗauki hutu su yi kwanaki a kan irin waɗannan hanyoyi, yara a gaba iyaye a baya, suna sauka a ƙananan garuruwa suna cin abinci suna kwana, mutanen garin kuma suna samun ciniki.

Mu nan ba a taɓa shimfiɗa layin dogo a yankinmu ba balle ya tsufa. Amma muna da turba da burtali. Turbar da ƙafar mutane da kofaton jaki suka daddale tsakanin gari da gona, da wadda amalanke ke bi ranar kasuwa, da burtalin da Fulani ke kora shanu zuwa mashaya. Kusan kowane ƙauye a ƙasar Dogon Daji da Jabo da Romon Sarki da Kebbe yana haɗe da maƙwabcinsa ta irin wannan hanya, kuma ta girmi kwalta nesa ba kusa ba. Wanda bai taɓa bin turba da sassafe bayan an yanke gero ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ƙasa ta yi tauri, kara a jingine gefe-gefe, mata na tafe da ƙwarya a ka, yaro na bayan jaki yana ɗaga maka hannu. Ba ka jin komai sai ƙarar kacarka da kukan kurciya. Kana iya yi wa mai aiki a gona barka da aiki, ya amsa, har ya tambaye ka mutanen gida, duk ba ka sauka daga sirdi ba. A mota wannan ba ya yiwuwa.

Lokaci shi ne abu na farko da muka tsayar. Damina ba ta yi, fadama ta cika, laka tana kama taya, Gulbin Zamfara kuma ba abin wasa ba ne idan ya kawo. Bazara ma ba ta yi, don zafin watan Afirilu a ƙasar Sakkwato yakan haura maki 40. Tsakanin Nuwamba da farkon Janairu ya fi, kafin hazon hunturu ya yi kauri. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin azahar, a huta a gindin tsamiya ko a rumfar masallaci, a ƙara ɗan taki bayan la'asar. Magariba ta same mu cikin gari.

Keken kuwa ba sai ɗan yayi mai giya ba. Tsohon Raleigh ko Phoenix mai kariya a baya ya fi jure wannan ƙasa, kuma duk ƙauyen da ka shiga akwai wanda ya san ciwonsa. Babban abokin gaba tsidau ne. Ƙayarsa 'yar mitsitsiya ce, tana kwance cikin ƙura ba ka ganinta, sai dai ka ji keken ya fara nauyi. Saboda haka kowa zai riƙe famfo da sholisho da guntun tsohuwar roba ta faci da sifana. Na zauna wurin wani mai gyaran keke ina kallon yadda yake yi, ya cika tub da iska, ya nutsa shi cikin kwanon ruwa yana juyawa har ƙananan kumfa suka nuna wurin, ya goge, ya kankare, ya shafa sholisho, sannan ya ajiye ya jira ya sha iska kafin ya manna. Wannan jiran shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa, facinsu ya ɓalle kafin su kai gari na gaba. Sai kuma ya zagaya cikin tayar da yatsa ya zaro ƙayar da ta yi ɓarnar. Inda rairayi ya yi yawa kuma babu dabara, sauka za a yi a tura.

Masauki ba ya damuna. Za mu aika tun da wuri, mu fara da ƙofar mai gari, mu faɗi, mu ce ranka ya daɗe baƙi ne, ga daga inda muke, ga 'ya'yan wa muke, ga inda muka nufa. Zaure da tabarma da fura ba su taɓa gagarar baƙo a ƙasar nan ba. Mu ma ba za mu je hannu rabbana ba, za a riƙe goro da sukari da ganyen shayi.

Abin da ke hana ni barci shi ne tsaro, kuma ba zan ɓoye shi don tafiyar ta yi daɗin ji ba. Garuruwan Kebbe, musamman na kusa da daji wajen iyakar Zamfara da jihar Kebbi, sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. An kashe, an sace, an kore shanu, wasu sun bar gonakin kakanninsu. Akwai turbar da babu mota a kanta saboda tun asali ta ƙafa ce, akwai kuma wadda babu kowa a kanta saboda tsoro. A taswirar waya duka biyun iri ɗaya suke. Mutanen wurin kaɗai ke iya bambanta maka su, su ma labarin jiya ba lallai ya yi aiki yau ba. Don haka kowace safiya sai mun tambayi mai gari da 'yan acaɓa da masu zuwa kasuwa kafin mu ɗaga. Idan suka ce kada a bi, ba za a bi ba, ko da ya zama tafiyar ta tsaya a ƙasar Tambuwal. Ina da burin ganin Kuchi da Margai da Girkau a kan keke, amma ba zan kai 'ya'yan mutane inda masu wurin da kansu ke kwana da ido ɗaya ba. Kuma ina jin nauyin a ce muna yawon buɗe ido a hanyar da wani ya bi da gudu da goyo a baya. Shi ya sa nake so duk inda muka sauka mu zauna mu saurara, mu yi jaje inda ya kamata.

Burtalin ma kansa yana ƙanƙancewa. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma kowace damina sai garma ta ci taku ɗaya ko biyu daga gefen hanyar shanu, har wani wurin saniya biyu ba sa iya jerawa. Daga nan ɓarna ke farawa, daga ɓarna sai rigima. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, ɗalibai da malaman makaranta da masu kai kaya kasuwa. Idan ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe tare da uwayen ƙasa suka shata waɗannan hanyoyi, aka kafa alama, aka dasa dogon yaro a gefensu, makiyayi da manomi da yarinyar da ke taka keke zuwa makaranta duk sun amfana, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwalta ba.

Yanzu abin da muke nema mutum biyu ne. Ɗaya wanda ya iya gyaran keke har ɗaurin sifok, ɗaya kuma ɗan ƙasar Kebbe wanda ya san turbobin da ake bi a bana da mashigin gulbi da rani. Wanda ya san irinsu ya haɗa mu, tun kafin a gama ɗaurin dawa.