Malanbil: 'Yan Kokawa Da 'Yan Dambe A Bakin Kwara

Duk wanda ya taso daga Kwatano ya nufi arewa, sai ya shafe sama da kilomita 700, ya ratsa Paraku da Kandi, kafin ya iso Malanbil, inda ƙasar Benin ta ƙare a bakin kogin Kwara. Can tsallake ga Gaya ta jihar Doso a Nijar. Garin ya samo sunansa ne daga wani gwamnan Faransa na Dahomai mai suna Malan, amma Dandawa ne masu gida, mu Hausawa kuma kasuwa ta kawo kakanninmu, kasuwar albasa da shinkafa da dabbobi wadda kaɗan ne suka kai ta girma a ƙasar nan.

To, jama'a, abin da ya ja hankalinmu a wannan zuwa shi ne yadda wasa biyu na maza suke zaune a gari ɗaya amma kowanne da mutanensa.

Kokawa dai ta kowa ce. Badande da Bazabarme da Bahaushe duk suna yinta bayan an kawar da amfanin gona, kuma idon samarin Malanbil yana kan Nijar, domin can ne gwamnati ta ɗauke ta da daraja. Tun 1975 aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, yau kuwa jihohi 8 ke turo 'yan kokawa goma-goma, da alƙalan wasa da likita da tuta. Da yake Gaya ƙasar Doso ce, ɗan kokawar Doso irin su Isaka Isaka tamkar ɗan gida ne a nan. Ɗan kokawa mutum ne mai kunya. Za ka gan shi da layu da guraye, yana zagaya fili a natse, yana ɗibar ƙasa yana tofi, in ya kayar da abokin karawarsa sai ya miƙa hannu ya tashe shi. Uba ba ya jin nauyin a ce ɗansa ɗan kokawa ne.

Dambe kuwa, ai wannan namu ne mu kaɗai, kuma ko a cikinmu an san na rundawa ne. Kalangu ke kiransa, kiɗan mahauta. Ɗan dambe zai naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan ya bar shi garkuwa, ya shigo yana kirari yana zagin duk wanda ya isa, da sunan da ba uwarsa ta raɗa masa ba. Turmi 3 ake yi, kuma da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa sai a ce an kashe shi. Ba a tambayar jiharka, ɓangarenka ake tambaya: Kudu, Arewa ko Guramaɗa. Har gobe a rumfar mahauta ana jin waƙoƙin Ɗan Anace, ana gardama a kan Shago kamar jiya ya bar fili. Manyan 'yan damben daga Nijeriya suke ketowa ta wajen Kamba da Illo, su kwana inda dare ya yi musu.

'Yan kokawa na kallon 'yan dambe a matsayin marasa ta ido, su kuma suna ce musu 'yan gwamnati. A ganinmu akwai gaskiya a maganar ta biyu, amma ita ce kuma ta sa kokawa ke da fili da kyauta, dambe kuwa sai abin da 'yan kallo suka liƙa.

Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 aka toshe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, jama'a suka koma shiga kwalekwale da kuɗin fito mai tsada. Kokawa ta ji jiki, don rabin 'yan kallonta da abokan karawarta suna tsallake. Amma ita tana da rediyo da talabijin na Nijar da ke kawo ta har cikin gida. Damben ne ba shi da kowa sai mahautan zango, kuma yaran da muka tarar a bakin mayanka sun fi sanin sunayen 'yan ƙwallon Turai.