Daga Damana zuwa Gaya: abin da ke ƙarƙashin katakon jirgi

Ƙasar Tondikandiya ba ta da kogi. Haka ma Kurfai. Yaron da aka haifa a Damana, ko Fandu, ko Filinge, ya san rijiya, ya san tabkin damina, amma yakan girma har ya yi aure bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Sai dai kwarin da yake noma a ciki, wato Dallol Boso, tsohuwar hanyar ruwa ce. A can zamanin da, kogi ne yake gangarowa ta nan daga Azawak. Har yau ruwan rijiya ba shi da nisa a cikin kwarin. Wanda ya bi dallol ya yi kudu, zai wuce Baleyara, da Birnin Gaure, da Falmai, har ya fita Bumba. A can ne kwarin yake haɗuwa da kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Najeriya.

In an gama girbi, an zuba hatsi cikin rumbu, sai samari su ɗauki jaka su tafi cin rani. Waɗansu su tsaya Yamai, waɗansu su zarce Benin, ko Togo, ko Najeriya. Da yawa cikinsu sai sun hau ruwa kafin su kai inda za su. Wannan labari domin su ne, da kuma masu injin ban ruwa da suka tsaya gida.

HANYA

Daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne. Mutumin Damana yakan biyo ta Baleyara, garin babbar kasuwar Lahadi. A Yamai ne zai fara ganin kogi, a ƙarƙashin gadar Kenedi da aka buɗe a 1970. Tsawon wannan kogi ya kai kilomita 4200, daga duwatsun Gine har teku. Wajen kilomita 550 daga ciki a ƙasar Nijar suke.

Daga Yamai mota za ta bi ta Doso, ta sauke shi Gaya. Tafiyar ta kusa kilomita 300. Gaya garin iyaka ne a ƙasar Dandi. Ruwan sama ya fi yawa a can, itatuwa sun fi tsawo, ga giginya, ga rake, ga kifi a kasuwa. A ƙetaren kogi akwai Malanbil, ta ƙasar Benin. A shekarar 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin garuruwan biyu, sai matafiya da kayansu suka koma ƙetarewa cikin jirage.

BAKIN RUWA

Baƙo in ya iso bakin ruwa, idonsa yakan tsaya a kan abin da ke sama. Zai ga jirage na katako jere, waɗansu da fenti mai kyau, waɗansu da rumfa. Zai ga buhunan masara da albasa, da babura, da tumaki, da mata masu tallar soyayyen kifi. Yaran jirgi suna ta kiran fasinja. Shi kuwa sai ya zaɓi wanda ya fi kyawun fenti. Masu jirgi ba fenti suke dubawa ba. Ƙasan jirgi suke dubawa.

Jiragen da ke da inji iri biyu ne. Galibi injin rataye gare su, irin na Yamaha, wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi, yana shan isansi. Waɗansu manyan jiragen kaya kuwa, irin waɗanda aka fi sani a Mopti da Gawo cikin ƙasar Mali, injinsu a zaune yake cikin jirgi, wajen baya, yana shan gazuwal. Sau da yawa injin babbar mota ne aka ciro aka dasa. An kewaye shi da katako, ya zama kamar ɗan ɗaki. Daga jikinsa wata sandar ƙarfe ta huda jirgi ta fita cikin ruwa, a bakinta akwai farfela, ita ce ke tura jirgi gaba.

Ko wane iri ne, jirgi yana da gindi. A ƙarƙashin katakon da ake takawa akwai kwari, inda duk ruwan da ya shigo yake taruwa. Jirgin katako ba ya rabuwa da ɗan yoyo. Saboda haka babban jirgi ba ya tashi sai da yaro mai kwarfar ruwa. Shi ne mafi ƙanƙanta cikin ma'aikata, kuɗinsa ne mafi kaɗan, amma in ya yi barci, kowa ya shiga uku.

AIKIN ASUBA

Matuƙin da ya san aikinsa yakan zo tun da asuba, kafin a ɗora ko buhu ɗaya. Abu na fari, ya ɗaga katako ya leƙa. Sai ya tambayi yaronsa: "Kai yaro, guga nawa ka kwarfe?" Yaro ya ce: "Biyar, maigida." In jiya biyar ne, shekaranjiya ma biyar, to lafiya. In yau sun zama goma, ba a lodi sai an gano ta inda ruwa yake shiga. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Za a bi tsakanin katakai da tocila, a cusa tsumma, a shafe da kwalta, a sake ƙusar da ta yi tsatsa.

Ba yawan ruwan kaɗai ake dubawa ba. Ana duba launinsa, ana taɓa shi, ana shinshina shi. In ruwan kogi ne zalla, daga waje ya shigo. In mai yana yawo a kansa yana ƙyalli, inji ne yake ɗiga, ko tiyon mai ya tsage. In a kan tafiya aka ji ruwan da ɗumi, tiyon da ke sanyaya inji ne ya fashe.

Me ya sa ake tsoron ruwan nan haka? Ga lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 100 daidai take da babban buhun hatsi mai kilo 100. To, amma buhu inda aka ajiye shi nan yake zama. Ruwa ba ya zama. In jirgi ya ɗan karkata dama, duk ruwan sai ya gudu dama, ya ƙara danne wannan gefe. Iska ta buso, ko fasinja su tashi tsaye gaba ɗaya, shi ke nan baki ya sha ruwa.

Bayan an kwarfe, sai shara. Tsabar hatsi, da ƙaiƙayi, da kashin awaki, da leda, duk a gindin jirgi suke taruwa. Su ne suke toshe ƴan kafofin da ruwa ke bi ya gangaro wurin mai kwarfa. In jirgin yana da famfo, su ne suke shaƙe shi ranar da ake bukatarsa. Kamar yasar rijiya ne. Wanda ya bar rijiya ba yasa ya san abin da yake samu.

Akwai kuma wari. Tururin isansi ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, sai ya kwanta a gindin jirgi. Ido ba ya ganinsa, hanci ne yake jin sa. Ƙyastin ashana ɗaya ya isa ya tada gobara a tsakiyar ruwa. Domin haka ba a leƙa gindin jirgi da fitilar kananzir, ba a shan taba kusa da tulun mai, ba a hura gawayin shayi a wajen inji.

ƊAKIN INJI

Daga nan sai matuƙi ya koma wurin inji, tun yana da sanyi. Ga abin da yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Man inji. Ya zaro tsinken awo, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. A jikin tsinken akwai zane biyu. Mai ya tsaya tsakaninsu. In man ya yi fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga inji. Ba a tashinsa, sai a kira makanike.

Gazuwal. Ana tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, yakan kwanta a ƙasan tanki. Sai a kwance ƙasan matacin mai a zubar da shi. Inji in ya sha ruwa yakan mutu, kuma ba ya zaɓen wurin mutuwa.

Ruwan sanyi. Inji yana tsotso ruwan kogi domin ya huce. A bakin tiyon akwai rariya. Rairayi, da kainuwa, da leda sukan toshe ta. Da zarar an tada inji, ana duba ko ruwa yana fita ta wancan gefe. In bai fito ba, a kashe nan take. Injin rataye ma haka ne: yana da ɗan siririn ruwa da yake tsartowa ta baya, in ya ɗauke akwai matsala.

Maɗaurin roba da ke juya ƙafafun inji. Ana danna shi da babban yatsa. Ya ɗan lotsa kaɗan, kamar kaurin yatsa. In ya saki ƙwarai, ko ya fara tsagewa, a ɗaure shi ko a sake wani.

Ƙusoshin da suka riƙe inji a kan katako. Girgiza takan kwance su. Ana bin su da sifana.

Kafar da sandar farfela take fita. Nan ce ƙofar da ruwa ya fi sani. Ɗigo kaɗan ba laifi ba ne, yana ma sanyaya wurin. In ya zama tsiyaya, a ƙara ɗaurewa, a sa giris. In an dafa da hannu aka ji zafi, an ɗaure fiye da kima.

Batir. A ɗora shi sama inda ruwa ba ya kai, a ɗaure, a kankare farin gishirin da ke fitowa a kawunansa.

In duk wannan ya yi daidai, sai a tada inji, a kasa kunne, a dubi hayaƙi. Baƙin hayaƙi, kaya sun yi wa inji yawa, ko ba ya samun iska. Shuɗi, yana ƙona man inji. Farin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, ko ruwa ne, ko gazuwal ba ya ƙonewa daidai. Hayaƙin nan guba ne. Kada a bar yaro ya kwana kusa da shi a cikin rufaffen wuri.

Aikin nan duka bai kai tsawon zuwa gona da dawowa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

KOGI YANA SAKE HALI

Kogin Isa ba kullum yake da fuska ɗaya ba. A Yamai yakan cika sau biyu. Na fari jan ruwa ne na damina, wajen Agusta da Satumba, mai ɗauke da laka da itace. Na biyu shi ne ruwan da ya taso daga Gine, yana isowa wajen Disamba da Janairu. Daga nan sai ya yi ta janyewa har Mayu da Yuni. A watan Yuni na 1985, bayan babban fari, kogin ya tsaya cik a Yamai. Lokacin jan ruwa, laka ce ke toshe rariya. Lokacin janyewa, dutse da rairayi ne ke fasa katako da farfela. Kowane lokaci da irin duban da yake so.

Sakaci a kan ruwa ba ya barin baya. A watan Satumba na 2017, wani jirgi da ya taso daga yankin Gaya da ƴan kasuwa, za shi Lolo cikin jihar Kebbi, ya kife, mutane da yawa suka rasu. Ran 26 ga Mayu 2021, wani jirgin da ya nufi kasuwar Wara, ita ma a jihar Kebbi, ya tsage a tsakiyar kogi da mutane fiye da 150 a ciki. Kaɗan ne suka tsira. Hukuma ta ce kaya da mutane sun fi ƙarfin jirgin. Allah Ya jiƙansu.

Saboda haka ɗan cin rani, ko bai san ruwa ba, yana iya duba abu huɗu kafin ya biya kuɗi. Ya leƙa ƙarƙashin katako ya ga yawan ruwa. Ya ga ko akwai mai kwarfa da gugansa. Ya dubi bakin jirgi, in saura kaɗan ya taɓa ruwa, ya sauka ya jira wani. In akwai rigar ruwa, ya sa ta. Kuma ya guji tafiyar dare, da tashi in hadari ya haɗu.

KOMAWA DALLOL

Wanda ya ga aikin matuƙi bai yi asarar tafiya ba, ko da ba zai sake hawa ruwa ba. Bayan farin 1984, a zamanin Janar Saini Kunce, ɗan Fandu, gwamnati ta yi kira ga noman rani. Tun daga nan lambuna suka yawaita cikin dallol, daga baya kuma injin ban ruwa ya shigo. Ga kuma injin niƙa a ƙauyuka. Duk ƴan uwan injin jirgi ne. Abin da suke so ɗaya ne: a auna mai da safe, a tace abin da za su sha, a share rariya, a ɗaure ƙusa, a dubi hayaƙi, a leƙa ƙasa a ga abin da ya ɗiga cikin dare.

Wani abu kuma. Tsohon man inji kada a zubar da shi bakin rijiya ko cikin tabki. Ruwan dallol kusa yake, shi mutane suke sha, shi dabbobi suke sha. A tara shi cikin galan a rufe.

Manomi da ya iya karatu, ya sayi ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar da ya sake mai da ranar da ya wanke mataci. Ya karanta wa maƙwabcinsa wannan labari, ya karanta wa ɗansa kafin ya ɗauki jaka. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su lafiya.