Dagona: Lokeshin ɗin da tsuntsaye ne taurari

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san Dam ɗin Tiga, inda aka sha ɗaukar rawa da waƙa. Amma ba kowa ya san inda ruwan ke zuwa ba. Yana gangarawa ta Kogin Haɗeja har ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru. A can Dagona take, cikin Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe.

Lokacin zuwa shi ne hunturu. Agwagin Turai kan gudo sanyi, su ƙetaro Sahara su sauka nan, su gauraya da 'yan gida irin su ɗinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela. Shamuwa kam kada a neme ta, sai damina.

To amma tsuntsu ba jarumin fim ba ne, ba ya jiran darakta ya ce "akshin". Da ya ji motsi ya tashi. Shi ya sa wanda ya je ba madubin hangen nesa, kuɗin mota kawai ya yi asara.

A nan ne samari ke faɗawa tarko. Sai ka ga an sayo mai jan gilashi, an rubuta masa manyan lambobi, wai yana zuƙo abu sau ashirin ko fiye. Wallahi burga ce! Cikin kwale-kwale hoton rawa zai riƙa yi kamar kaset ɗin da ya sha haya. Wanda aka rubuta wa 8x42 ya fi: 8 na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Faɗin nan ke shigo da haske da asuba, lokacin da tsuntsaye suka fi walwala. In aljihu bai da nauyi, tsohon samfuri mai kafaɗu ya kan fi siririn zamani mai irin farashinsa fitar da hoto tangaran.

Na gwanjo ma ba laifi, sai dai a gwada kafin a biya. A saita shi kan falwaya mai nisa. In ta rabu biyu, a ajiye shi, don ciwon kai ne zai biyo baya. Ƙurar hunturu kuma a hure ta tukuna, gogewa da bakin riga na karce gilashi.

Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama a yankin, saboda haka a nemi mai kwale-kwale ɗan gari, a fita kafin rana ta ɗaga.