Ranar da na kai yara kallon kiɗa a ƙetaren gada

A jakar makarantar autata takardar ta shigo gidana. Falle ɗaya ce, Faransanci a sama, Sango a ƙasa, wai matasan unguwanni sun haɗa ɗan wasan kiɗa ranar 21 ga watan Yuni a filin wata makaranta da ke gaba da gadar Jackson, daga la'asar zuwa magariba, shiga kyauta, ba a sayar da giya a ciki, a zo da yara. Ta miƙo mini ina cin tuwo. Na karanta, na ajiye a gefen tabarma, na ce mata mu ba ma zuwa irin wannan wuri.

Ga waɗanda ke karanta wannan daga Kumasi ko Sabon Zongo ko Jidda, 21 ga Yuni ita ce ranar bikin kiɗa da Faransawa suka ƙirƙiro a 1982, zamanin da Jack Lang ke ministan al'adu, kuma da yawa daga cikin ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki sun ɗauka. Su a can ita ce rana mafi tsawo a shekara, farkon lokacin zafinsu. Mu a Bangi tsakiyar damina ce, sai ka shirya wa kiɗa ka tashi da laima. A 2025 ta faɗo Asabar, mako biyu bayan Babbar Sallah, ragowar soyayyen nama bai ma ƙare a gidaje ba.

Dalilin da na ba Hajiya da dare shi ne mutunci. Mutum ya haura hamsin, ana ce masa Alhaji, yana sahun gaba a Masallacin Juma'a, a gan shi a gindin lasifika? Gobe a kasuwa wani ya ce ai jiya mun ga Alhaji ya je rawa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Alhaji, kaset ɗin Shata nawa ne a ƙarƙashin gadon nan? Kai da kake bin kamiyo har Garwa-Bulai, wajen kilomita 600 a kan wannan hanya, gada ɗaya ce ta gagare ka?"

Ban ba ta amsa ba, don ta taɓa inda ciwon yake. Ba wai ba na fita Kilomita Biyar ba ne. Ina zuwa banki, ina zuwa wajen kwastan, in hau babur in je in dawo kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Amma tun 5 ga Disamban 2013 ban taɓa ɗaukar yarana na kai su wata unguwa don mu zauna kawai ba. Autar nan a farkon 2014 aka haife ta, lokacin da unguwarmu ta zama kurkuku, daga nan zuwa can iyakarka ke nan, ka wuce kuma sai dai a kawo labarinka. Ko gawa ba ma iya kaiwa maƙabartarmu ta Boeing, sai a 2016 da aka yi yarjejeniya da mutanen can hanya ta buɗe. Ina cikin taron da ya tarbi Fafaroma Francis a masallacinmu ranar 30 ga Nuwamban 2015, na ga samarinmu sun bi bayan motarsa a kan babura sun fita unguwa, na ce shi ke nan an gama. Ba a gama ba. An sake yi a 2018, sannan a ƙarshen 2019 mu 'yan kasuwa da kanmu muka gwabza da masu bindigar da ke karɓar kuɗi a hannunmu da sunan gadi. To yaron da ya taso cikin wannan, abin da ya fi ji daga bakin ubansa shi ne kar ka wuce can. Ni ina kiransa tarbiyya.

Asabar ta zo, na rufe shago da wuri, na ce da yaron shago in an tambaya na je gaisuwa. Muka fita mu biyar: ni, Hajiya, autar, yayanta mai shekara 15, da jikana ɗan shekara huɗu wanda uwarsa ta cusa mana. Na sa hula amma na bar babbar riga a gida, kuma har muka hau gadar ina tunanin ko hular ma in cire. Ban cire ba. Ƙasa muka taka, ba nisa, tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwar dabbobi ba.

Abin da na tarar ya ba ni kunya saboda ƙanƙantarsa. Ni na zo da shirin ganin taron da zai haɗiye mutum. Sai ga dandamali na katako an ɗora a kan durom-durom, tamfol shuɗi a sama, lasifika biyu, gurup ɗaya yana tari a bayan aji. An fito da bencinan 'yan makaranta an jera. Mutanen da ke wurin ba su fi na ɗaurin auren mai hali ba, rabinsu yara ne. Mata sun kafa kasko suna tuya makara, wata na sayar da kanda a ganye, ga mai gasasshiyar masara. A can gefe kuma, sai na hango wani ɗan unguwarmu da tukubarsa yana ta yanka tsire, layi a gabansa. Ya ɗaga kai muka haɗa ido. Ni na kama shi, shi ya kama ni, sai muka yi dariya. Ashe Bahaushe ya riga ni ƙetare gadar tun tuni, tunda akwai ciniki.

Yaran wata makaranta suka fara, da riguna iri ɗaya, muryoyi na tashi kowa da inda ya nufa, iyaye na tafi kamar an ci kofin duniya. Bayansu wasu samari da jita biyu da ganguna suka hau, suka saki motengene, kiɗan nan na mutanen Lobaye da ƙungiyar Zokela ta fito da shi daga Mbaiki ta cika Bangi da shi a shekarun 1980. Wallahi sai da ƙirjina ya buga. Ina saurayi ina tallan atamfa a ka, wannan kiɗa ne ke tashi daga kowace mashaya a kan titin Koudoukou, don a wancan zamani duk mai son shaƙatawa a Bangi, Kirista ko Musulmi, Kilomita Biyar yake zuwa. Mu ba ma shiga, amma kiɗa ba ya neman izini, yana iske ka har kan tabarmar sallah. Yarana ba su san unguwarsu ta taɓa zama haka ba. Su a wajensu kiɗa shi ne Hamisu Breaker a waya. Ɗana ya juyo ya ga ina kaɗa ƙafa, ya ce, "Baba, ka san wannan?" Na ce na san shi tun kafin a san za a haife ka.

Jikan nan kuwa tuni ya zame daga hannun kakarsa. Kafin mu ankara yana tsakiyar yara a gaban dandamali yana tsalle, babu wanda ya tambaye shi daga wace unguwa yake. Sangonsa ya fi Hausarsa, abin da kullum nake faɗa a kai a gida. Ran nan dai ban yi faɗa ba.

Ana cikin haka gurup ya mutu. Lasifika ta yi shiru, aka yi ta ihu, masu shiri na ta guje-guje da jarka. Sai wani dattijo daga cikin makaɗan mahautanmu, wanda ashe an gayyato shi kuma an ajiye shi sai can ƙarshe, ya rataya kalangunsa ya shigo fili ba tare da an kira shi ba. Kalangu ba ruwansa da wuta. Ya matse shi a hammata ya fara, mai ganga ɗaya daga cikin samarin ya saurara kaɗan ya kama masa. Mu da muka san abin da kalangun ke faɗi muna murmushi, don kirarin mahauta yake yi, su kuma sauran rawarsu kawai suke. Wata tsohuwa ta taso ta manna masa sefa 500 a goshi. A ganina wannan minti goma na rashin wuta ya fi duk abin da aka tsara, kuma da na ga masu shirin daga baya na faɗa musu, ban da tabbacin sun ji daɗi.

A nan ne aka dafa kafaɗata. "Alaji?" Na juya. Tela ne, maƙwabcina na shekara goma sha, Kirista, wanda shagonsa ke kallon nawa kafin rikici. Ya rame, gashi ya yi fari fat. Rabona da shi tun farkon 2014, ranar da ya kwashe iyalinsa da keken ɗinkinsa a kura ya fita, a daidai lokacin da 'yan uwanmu ke gudowa daga Miskine da Boy-Rabe suna shigowa wajenmu. Ya ce "ita ti mbi", wato ɗan uwana, ya riƙe hannuna bai saki ba. Hajiya ta gaishe shi, ta tambayi Madam, ya ce ta rasu shekara uku ke nan. Babu wanda ya gaya mana. Tsakanin gidansa na yanzu da nawa bai kai kilomita biyu ba.

Muka zauna a benci ɗaya, gwiwoyinmu sun kusa taɓa haɓa, don bencin 'yan aji uku ne. Wuta ta dawo, kiɗa ya tashi, sai mun yi magana a kunne. Shi ya fara tayar da zancen: turmi uku na atamfa da ya ɗauka bashi kafin Kirsimetin 2013. Ni littafin bashin ma ya ƙone tare da rabin shagon, amma ƙarya nake in na ce na manta, ɗan kasuwa ba ya manta turmi uku. Na ce masa na yafe tuntuni. Ya ce a'a, shi bai yafe wa kansa ba.

Sannan ya yi tambayar da nake tsoro. Ya ce mangwaron ƙofar gidansa yana nan?

An sare shi tun shekarar farko, an yi girki da shi lokacin da itace ya gagara shigowa. Gidan kuma akwai mutane a ciki, na san su, muna sallah tare. Su ma nasu gidan a wata unguwa wani ne a ciki, ko kuma babu ko tubali. Na buɗe baki in ce yana nan, don a tashi lafiya, sai na ga autata a gefena tana saurare, kuma ta san babu wani mangwaro a layin. Na gaya masa gaskiya. Ya yi shiru, ya kalli dandamali. Can ya ce dama ya zata, yana so ne ya ji daga bakin wanda ya gani. Bai tambayi su waye a gidan ba, ni ma ban faɗa ba, kuma har yau wannan shirun yana damuna.

Hadari ya haɗo wajen ƙarfe biyar da rabi, iska ta fara ɗaga tamfol. Mai magana ya ce saura ƙungiya biyu, amma mata sun fara kife kasko. Ni ma ina duba agogo saboda magariba, kuma ba na so duhu ya same mu a wannan gefen. Tsoron bai tafi ko'ina ba, ya dai ɗan zauna a benci tare da ni. Muka karɓi lambar juna. Ya ce ran Litinin zai zo shago da kuɗin. Na ce ya bar kuɗin ya zo ya sha shayi.

Ruwa ya kama mu a kan gada. Jikan yana wuyana yana barci, autar na rera abin da ta ji, yayanta na tambayata wai da gaske a da mutanen gari ne ke zuwa unguwarmu yawo. Washegari a masallaci mutum biyu suka ce an gan ni. Na ce ƙwarai, da hulata ma.

Litinin telan bai zo ba. Talata ma haka. Ran Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara, ya ce yana bakin gada, in turo yaro ya shigo da shi, don hanyar ta canza masa. Hanya ba ta canza ba, tana nan yadda ya bar ta. Na ce da yaron shago ya kula da kaya, na sa takalmi na tafi da kaina.