Ƙidaya da Hanya

Akwai wani ƙauye a ƙasar Dutse, can bayan duwatsu, wanda tsakaninsa da kwalta mil huɗu ne kacal. Da rani ba abin da ke wahal da matafiyi sai rairayi. Amma in damina ta kankama, sai wani rafi ya kawo, ya raba garin da sauran duniya. A lokacin nan babur ba ya wucewa, balle mota, sai dai amalanken shanu ko ƙafa.

A garin akwai wani dattijo wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci tun yana saurayi. Yakan tuna zamanin haraji, sa'ad da malamai ke zuwa rubuta sunayen baligai. Da an hango su, sai mahaifinsa ya tura manyan 'ya'yansa gona, ya ce wa malamai mutum uku ne a gidan, alhali kuwa su shida ne. Kowa haka yake yi, ana ganin dabara ce. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji a Jihar Kano a 1979, amma tsoron ƙidaya bai fita daga zukatan mutane ba. A 1991 aka yanki Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni, kuma a shekarar aka ƙidaya jama'ar ƙasa. A 2006 aka sake, aka sami mutum fiye da miliyan 4 a Jigawa. Duk sau biyun nan, wasu magidanta a ƙauyen sun ɓoye iyalinsu, kamar yadda suka ga iyayensu sun yi.

To, rashin hanya asara ce ta kullum. Manomi ya sami gero da riɗi, amma kafin buhu ya isa kasuwar Shuwarin kuɗin dako ya cinye riba, don haka sai ya sayar wa 'yan sari a ƙofar gida yadda suka ga dama. Wannan duk mai sauƙi ne. Wata damina matar ɗan dattijon nan ta yi doguwar naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Aka ɗora ta a amalanke tun da asuba, aka tarar rafi ya cika, ba a isa asibiti a Dutse ba sai bayan azahar. Uwar ta rayu, jaririn kuwa bai zo da rai ba.

Bayan kwana bakwai dattijon ya raka dagaci ofis don roƙon hanya. Ma'aikaci ya buɗe littafi, ya karanta musu yawan mutanen garinsu. Dattijo ya yi shiru, gama ya san adadin bai kai gaskiya ba, ya kuma san waɗanda suka rage shi. Hukuma ba ta ganin ƙauye da ido, a takarda take ganinsa, kuma inda takarda ta nuna jama'a can ake fara kai hanya da makaranta da ɗakin magani.

Tun 2014 alhazai ke tashi daga filin jirgin saman Dutse, su sauka Saudiyya cikin 'yan sa'o'i, ga shi mil huɗu sun ci wa mai naƙuda rabin yini. Da dattijon ya koma gida, sai ya ɗauki alƙalami ya bi gida gida, ya rubuta kowa, maza da mata, har jarirai. Samari suka yi gayya, suka zuba duwatsu a mashigin rafi. Takardar tana hannun dagaci, kwalta ba ta iso ba tukuna. Amma dattijo ya gargaɗi jikokinsa, ranar da masu ƙidaya suka sake zuwa, kada a tura kowa gona.