Burtalin da Ke Cikin Iska

A bakin kasuwar Talata Mafara akwai rumfar wani mai cajin waya da nakan zauna in jira tawa ta ɗan sha wuta. Tebur ne maƙil da wayoyi, kowace an manna mata lamba, ga ɗan janareto yana ƙugi a bayan zana. Wata Talata ina zaune sai ga wani dattijo, ya ce daga Damaga ya taho. Ya kwance wayarsa daga cikin leda ya miƙa wa yaron rumfar.

"Mi za a turo maka, Baba?"

"Ɗanƙwairo, ɗana. In da sauran wuri ka haɗa mani da tafsiri."

Yaron ya ajiye wayar kusa da tasa, ya buɗe Xender a duka biyun. Kafin mai shayi ya gama fifita wuta waƙoƙin sun ƙaura. Dattijo ya biya ladan turi, sannan ya tambaya ko katin nawa abin ya ci.

"Bai cin kati, Baba. Tsakaninsu ne."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Ba igiya tsakanin wayoyin nan, ba su bi ta ƙarfen sabis ba, ba kamfanin da aka biya. To ta gonar wa waƙar ta ratsa?

Iska ma yankakkiyar gona ce. Duk wanda ya tashi yana murɗa rediyo yana neman mita 19 ko mita 25 a gajeren zango ya san kowace tasha da muhallinta. Haka kamfanonin waya suke, kuma muhallinsu ba araha ba. A gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi a Janairun 2001, lasisi ɗaya ya tashi a dala miliyan 285. A Disamban 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon 5G, kowannensu a dala miliyan 273.6. Wanda ya zuba irin wannan dukiya, hukuma ce ke tsare masa iyaka.

Amma a tsakanin waɗannan manyan gonaki an bar wani ɗan siririn fili da ba a sayar wa kowa ba. Ya tashi daga megahaz 2400 zuwa 2483.5, shi ne ake kira zangon 2.4. Igiyarsa ba ta kai taƙi guda ba, santimita 12 ce da ɗoriya. Ni dai ban sami sunan da ya dace da shi kamar burtali ba: hanya ce ta kowa a tsakanin gonakin masu shi.

Asalinsa ma ba don sadarwa aka ware shi ba. A taron sadarwa na duniya da aka yi a Atlantic City ta Amurka a 1947 aka keɓe shi saboda na'urorin masana'antu da na bincike da na asibiti masu fesar da igiyar rediyo, har da murhun lantarkin nan mai ɗumama abinci. Hayaniyarsu ta sa injiniyoyi suka riƙa kallon wurin a matsayin juji. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta ce kowa ya shiga ba lasisi. A 1997 aka fitar da ƙa'idar farko ta haɗa kwamfutoci ba igiya, a 1999 aka raɗa sunan Wi-Fi. Bluetooth ma a nan ya sami masauki. Yau hosfot ɗin wayarka, da 'yar MiFi ta mai shago, da lasifikar mai tallan magani, duk a jujin nan suke kiwo.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabin wurin. Sharaɗi na farko, ka sassauta murya: an ƙayyade ƙarfin da na'ura za ta fitar, shi ya sa hosfot ba ya wuce 'yan taku, kuma shi ya sa gidan gaba ma zai sami wuri. Na biyu, ka haƙura da maƙwabci, domin ba wanda za ka kai ƙara don ya dame ka. Na uku an gina shi a cikin Wi-Fi kansa: kafin na'ura ta yi magana sai ta kasa kunne. In ta ji wata na magana sai ta dakata, ta jira ɗan lokaci, ta sake saurare. Tarbiyyar zaure ke nan, ba a katse mai magana. Bluetooth kuwa dabarar mai wucewa yake yi: ya raba filin gida 79, yana tsalle daga wannan zuwa wancan sau 1,600 a daƙiƙa, ba ya daɗewa a wuri balle ya tsare wa wani hanya.

Duk da haka wurin yakan cushe. An yanka zangon layi-layi, a mafi yawan ƙasashe daga 1 zuwa 13, tsakanin layi da layi megahaz 5, alhali kowace na'ura tana cin wajen 20. Kamar sarkin kasuwa ne ya shata wa 'yan koli wuri kamu ɗai-ɗai, kowa kuma ya zo da tabarma mai kamu huɗu. Dole gefe ya hau gefe. Layi uku ne aka saba zaɓa don ba sa taka juna: 1 da 6 da 11. Je ka unguwar da ɗaliban kwalejin Abdu Gusau ke haya da daddare ka buɗe Wi-Fi, za ka ga jerin sunayen hosfot. Wani lokaci da ake cewa "netwok ya yi nauyi", tabarmi ne suka hau juna. Wayoyi da yawa suna ba da damar komawa wani zangon Wi-Fi da ake kira zangon 5, mai yalwar layuka da sauri, sai dai shi katangar laka mai kauri takan sha ƙarfinsa.

Ban san darajar burtalin nan ba sai a Satumban 2021, lokacin da NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, a zamanin Gwamna Bello Matawalle. An rufe kasuwannin mako, ƙarafan sabis suka yi tsit, masu POS suka naɗe hannu. Mai son jin muryar ɗansa sai ya shiga mota ya nufi wata jiha. Makonni suka zama watanni. Amma da yamma a ƙofar gida sai ka ga samari sun haɗa kai, wani na cewa "kunna naka in turo maka". Wanda ya dawo daga tafiya yakan shigo da labarai da karatu da fina-finai a wayarsa, kafin isha sun zaga unguwa, hannu zuwa hannu. Burtalin bai iya kai gaisuwa Gusau ba, bai iya kiran agaji ba, tafiyarsa gajera ce. Sai dai ba shi da makunni guda da za a kashe, domin yana aljihun kowa.

Mu a ƙasar nan, daga Bakura har Maradun, mun san abin da kan biyo baya idan aka cinye burtali. Wannan ya ƙara kunya ɗaya, wancan ya ƙara biyu, wata rana garke ya iso ya tarar ba hanya. Mun ga inda hakan ya taimaka ya kai mu, kuma har yau muna biya. Shi ya sa nake jin wani abu a raina idan na tuna cewa biliyoyin na'urori suna bin wata 'yar siririyar hanya a kullum, ba makiyayi ba ɗan sanda, sai ƙa'idar da aka dasa musu tun daga maƙera: kada ka ɗaga murya, saurara kafin ka faɗa, bar wa na kusa da kai wuri.

Dattijon ya mayar da wayarsa cikin leda, amma bai kashe ta ba. Ya nufi inda 'yan acaɓa ke jiran masu komawa ƙasar Maradun, muryar Ɗanƙwairo na fita daga aljihunsa. Na san kafin ya kwanta wani jikansa zai matso ya ce, "Kaka, turo mani."